Kawu Mai Gilashi da 'Yar Baƙar Robarsa

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk Gumel ta sani da mai gilashi, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, zafi yana fara kankama, bayan jinyar da ba ta kai mako guda ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, maza a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, mu mata a tsakar gida. Ni aka ajiye kusa da zaure ina karɓar kwanukan abincin da maƙwabta ke aikowa, don haka ina jiyo hirar mazan. Na sha zuwa gaisuwar mutuwa, na san abin da ake faɗa: mutumin kirki ne, abin duniya bai dame shi ba, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. An faɗi duk wannan a kan Kawu, amma ba a daɗe a kai ba. Da an shafa addu'a sai hira ta koma kan roba.

Wani dattijo mai masaukin baƙi a Maigatari ya ce, "Wallahi fatake nawa suka yi wanka a ɗakunan nan nawa, masu shanu, masu raƙuma, mutanen da ƙofar ƙarfe ma ba ta tsira a hannunsu. Ko tsagewa gilashin ƙofar wankan da ya saka mini bai taɓa yi ba. Amma ranar da ya dasa mini baƙar robar nan a ƙasa, cewa na yi ya cire, ta ɓata mini tayil."

Wani ya amsa daga gefe, "Ashe kai ma ka ce ya cire?"

Sai aka yi 'yar dariya, irin ta gidan mutuwa, wadda ake saurin haɗiyewa a bi ta da istigfari.

A cikin gida wata Hajiya da ta taso tun daga Sule Tankarkar ta riƙe hannun Iya, matar Kawu, tana share hawaye da bakin mayafi. "Bana wa zai zo ya duba mini ƙofa? Duk shekara sai ya zo, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Ya durƙusa, ya danna abin da farce, ya ce da sauranta, ya hau babur ɗinsa." Matan da ke gefenta suka ɗauka, kowa na cewa mun yafe masa, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ni na kasa faɗa. Ba don ina riƙe da shi a raina ba, ina! Ni ce na yi masa laifi. Shekara biyu ke nan na gaya masa magana a gaban mutane, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban durƙusa na ce Kawu ka yafe mini ba. Duk kwanakin nan uku tambaya ɗaya ce ke cin raina: da fushina ya tafi, ko ya yafe? Ita ce ta zaunar da ni rubuta wannan, sannan ina so a san wane ne shi kafin a manta.

Kawu bai fara da gilashi ba. Da na buɗe ido na gan shi mai faci ne, yana da rumfa a bakin titi a Gumel, ranar Alhamis kuma ya kwashi kayansa ya tafi kasuwar Maigatari. Tayar da ta fi ƙarfin faci ba ya yar da ita. Wuƙarsa mai ƙotar katako zai zaro, ya yanka guga, ya yanka igiyar ɗaure kaya, ya yanka takalma. Hannunsa kullum baƙi ne, sabulu ya daɗe da sallama masa. Ina aji uku mahaifina ya rasu, daga nan littafina da allurata da kayan sallata duk suka koma wuyan Kawu, bai taɓa nuna mana ya gaji ba.

Takalmin makaranta ma shi yake yanka mini, na taya. Na tsani takalmin nan. 'Yan ajinmu masu na kanti suna ce mini mai ƙafar mota, shi kuma takalmin ba ya tsinkewa balle a saya mini wani. Wata rana da na gaji na cilla ƙafa ɗaya cikin kududdufi, na dawo gida ina kukan ƙarya wai ya ɓata. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙafata da caɓo ya bushe a kai. Washegari da safe ga sabo a ƙofar ɗakinmu.

"'Yata, wannan na ƙara masa kauri," in ji shi.

Haka yake kirana tun ina ƙarama, 'yata. Ba ni da wani suna a bakinsa.

Ya haura arba'in lokacin da ya rufe rumfar faci ya tafi Kano koyon aikin tagogin alminiyam da gilashi. Mutane suka yi ta yi masa tsiya, wai da furfura za a koma ɗan koyo. Ya yi shekara biyu ya dawo, ya buɗe shago. Daidai lokacin ne ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara gina gidaje masu banɗaki a cikin ɗaki, duk wanda ya je Umara ya ga wurin wanka da ƙofar gilashi a masaukinsa sai ya dawo ya ce shi ma irinta yake so. Masu saka ƙofar suna da yawa, har daga Kano ake ɗauko su. Amma sannu a hankali aka lura ƙofofin wasu suna fashewa, ta Kawu tana nan.

Idan na taso daga ofis nakan biya shagonsa in sha ruwan randa, a nan na ji yadda yake yi da masu kawo aiki. Kafin ya zaro tef ɗin awo sai ya yi wa mutum tambayoyi kamar likita. Wa zai riƙa wanka a nan? Akwai tsoho? Akwai yara? Famfonku na kawo ruwa kullum? Bokitin na roba ne ko na ƙarfe? Wani Alhaji ya taɓa ƙosawa ya ce, "Malam, ƙofa na ce ka saka mini, ba auren 'yata ka zo nema ba."

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, waɗanda suka ƙera ƙofar nan sun ɗauka mutum hannu rabbana zai shiga wanka, ya murɗa shawa ruwa ya zubo. Mu kuwa famfo yau akwai, gobe babu. Da bokiti ake shiga, hannu biyu a riƙe da shi. To da me za a tura ƙofar? Da ƙugu, ko da ƙafa. Wanda ya tura da ƙugu bai san ƙarfin da ya sa ba. In babu abin da zai tare ta, bango za ta je ta gaisa da shi."

Ya sha nuna mini cewa irin wannan gilashin, fuskarsa ƙarfi gare ta, ko naushinsa ka yi ba abin da zai same shi. Gefensa ne lagonsa. Da gefen ya daki tayil ko ƙarfe, gaba ɗaya yake tarwatsewa lokaci guda, ya zube kamar ɗanyen gishiri, ga mutum a tsaye ba takalmi, jikinsa duk kumfa. Kuma ba ya yankuwa, ba ya hujuwa bayan an gasa shi a masana'anta, saboda haka ba gyara, sai dai sabo. Shi ya sa ƙofar da wasu ke sakawa cikin sa'a guda, Kawu sai ya ƙara wata sa'ar a durƙushe yana neman inda zai dasa abin da zai tsayar da ita. Ba ya yarda a sa shi kusa da inda aka ɗaure ƙofar, ya ce nan ƙofa ke samun ƙarfin karya kanta. Can wajen bakinta yake sawa, ta ɓangaren mariƙi, ya auna yadda za ta tsaya saura yatsa biyu mariƙin ya taɓa bango. In mai zamewa ce a kan layi, sai ya cusa roba a ƙarshen layin nan da can, ya ja ƙofar da ƙarfi sau goma yana saurare. Sautin yake bi. In ya ji ƙas, da saura. In ya ji dif, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa.

Ba wai yana ƙin kayan kanti ba ne, yana saye. Amma babu robar da ke shiga gidan mutane sai ta ci jarrabawarsa. Da zafi ya fara, zai jera su a tsohon faranti, na kanti da waɗanda ya yanka da kansa daga gefen taya inda babu waya, ya ɗora a kan rufin kwanon rumfar awakin Iya su yi mako suna shan rana. Daga nan ya jiƙa su kwana uku a ruwan sabulu. Sai ya ɗauko ɗaya-ɗaya yana dannawa da farcen babban yatsa. Wadda ta bushe ta yi tauri, shara. Wadda ta yi laushi tana danƙo, shara. 'Yan fararen nan masu kama da ƙwayar magani da ake mannawa da gam, su ko kwana uku ba sa yi a kan kwano, gam ɗin ke narkewa su zame. Iya takan ce awakinta sun fi kowa sanin farashin roba a garin nan, don duk wadda ta faɗo sai sun tauna.

Waɗanda suka tsira su yake zubawa a aljihu ya fita zagaye. Duk gidan da ya taɓa saka wa ƙofa, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar, sai ya je sau ɗaya a shekara, ba wanda ya kira shi. Ya yi sallama, a ba shi hanya, ya danna, in ta gaji ya sauya. Aljihun rigunansa duk sun saki saboda nauyi. A masallaci in ya yi ruku'u wani lokaci sai ka ji wata ta faɗo tana gangarawa cikin sahu.

Akwai wani mutumin Gagarawa Tasha da ke aiki a kudu, ya gyara wa tsohon mahaifinsa ɗaki, ya aiko a saka masa ƙofar gilashi mai tsada. Kawu ya ɗauki gilashin a mota ya je, ya zauna da tsohon suka sha fura, ya ga yadda hannunsa ke rawa, ya ga sandarsa mai ƙarfe a gindi. Sai ya dawo da gilashin yadda ya tafi da shi. Ɗan ya bugo waya yana faɗa, ina zaune a shagon. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, babanka da sanda yake shiga wanka. Ina da robar da za ta tare bango, ba ni da wadda za ta tare sanda. Labule na rataya masa, mai kauri, ya ce ya yi masa." Mutumin nan na gan shi a zaman makoki ranar biyu. Tun daga kudu ya zo, ya zauna a bakin tabarma.

To Kawun nan ni na ci wa fuska.

Ni dai an san ni, bakina ba linzami, kuma ina son a ce abina ya yi kyau. Mun daɗe ni da maigidana muna gini kaɗan-kaɗan, da ya kammalu na ware ɗaki mai banɗaki na ce na Inna ne, mahaifiyata, ta dawo wurinmu ta huta da jan ruwa. Ɗakin ne kuma baƙi mata za su riƙa shiga, don haka na zuba masa ido. Farin tayil har sama, ƙofar gilashi a wurin wanka. Da na je Kano na ga wani abin tsayar da ƙofa na ƙarfe, fari tas yana walƙiya, da 'yar farar hula ta roba a bakinsa inda gilashi zai taɓa. Na saya na kawo wa Kawu ina jin kaina.

Ranar da ya zo saka ƙofar, Inna ma ba ta tsira daga tambayoyin ba.

"Da wane bokiti kike wanka?"

"Haba Yaya, kai ba ka san bokitina ba? Na ƙarfen nan dai da ka sani."

"Har yanzu ba ki rabu da shi ba?"

"Ruwan zafi ba ya hucewa a cikinsa. In mutu a raba shi a gado."

Ya yi dariya, ya karɓi ƙarfena ya jujjuya, ya danna hular da farce. "'Yata, ƙarfen mai kyau ne. Amma hular nan ba za ta ga damina ba. In ta fashe, ƙarfe ne tsirara zai riƙa tarar gilashi, ga uwarki da ƙugu take tura ƙofa." Na ce to, a zatona zai saka duk da haka. Da na dawo daga aiki na tarar da baƙar roba, guntuwa kamar rabin lemon tsami, a dashe a tsakiyar farin tayil ɗina. Ƙarfena kuma yana kan taga cikin ledarsa. Raina ya ɓaci, amma hidimar tarewa ta ɗauke mini hankali.

Ranar walimar shiga gida abokan aikina mata suka zo, na ɗauke su zagaye ɗaki-ɗaki ana ta ma sha Allah. Muka shiga ɗakin Inna, muka tarar da Kawu a ciki ya zo duba ƙofar karo na ƙarshe, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Suka gaishe shi. Sai ɗaya daga cikinsu ta leƙa banɗakin ta nuna ƙasa ta ce, "Laa, wannan kuma mene ne? Ko guntun taya magina suka manta?" Aka kwashe da dariya. Nan take na koma 'yar aji uku mai ƙafar mota. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi, na buɗe baki da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Kawu, don Allah a cire mini wannan abin. Gida ne nan, ba rumfar faci ba."

Inna tana bakin gado, na ga ta runtse ido. Kawu bai dube ni ba. Ya tattare farar rigarsa ya durƙusa a jiƙaƙƙen tayil, ya kwance robar ya jefa a aljihu, ya miƙo hannu aka ba shi ƙarfena daga kan taga. Bai yi aikin fushi ba. Sai da ya auna, ya ɗaure shi daidai inda ya kamata, ya gwada ƙofar sau uku. Ya miƙe, gwiwar rigarsa ta jiƙe.

"An cire, Malama," ya ce.

Ya fita bai ci abincin walima ba. Tun daga ranar ban sake jin 'yata a bakinsa ba.

Inna ta ce in je in ba shi haƙuri. Maigidana ya ce in je, har ya ce zai raka ni. Na ce sai gobe, goben ta zama mako, makon ya zama wata. Ba wai na yanke zumunci ba. Ina zuwa gidansa, ina durƙusawa in gaishe shi, da salla in kai abinci da turare. Ya amsa da fara'a, "Lafiya lau, Malama, ya aiki?" Maganar ce dai ban taɓa tayarwa ba, girman kai ya hana. Kuma ina da abin da nake fakewa da shi. Kullum da safe ina kicin ina jin Inna ta ɗauko bokitinta na ƙarfe, ta tura ƙofar da ƙugu, ƙofar ta ce dif, ta tsaya. Damina ta zo ta wuce, sanyi ya zo ya wuce, zafi ya dawo, kullum dif. Sai na ce a raina ashe dai ni ce da gaskiya, tsoho ne kawai ba ya son sabon abu.

Ban bar wannan tunanin a raina ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan yanzu. Bayan shekara guda aka yi suna a gidansa, an haifa masa jika. Muna zaune a tsakar gida ya shigo karɓar goro, na ɗaga murya kamar da Iya nake magana. "Ƙofar nan tamu dai shekara guda ke nan, lafiyarta ƙalau. Kayan zamani ma suna da nasu amfanin."

Kawu ya tsaya da goro a hannu. "Madalla," ya ce. "Ai na gaya miki ƙarfen mai kyau ne."

Iya ta tashi ta shige ɗaki. Inna ta yi mini wani kallo da ban gane ba, na ɗauka haushin rashin kunyata ne kawai.

Da ya kwanta ciwo na je asibiti sau uku. Kowane zuwa da niyyar roƙon gafara nake fita daga gida, in je in tarar da ɗaki cike da 'yan dubiya, in ce bari sai mutane sun ragu. Zuwan ƙarshe ya buɗe ido ya gan ni, ya ɗan ɗaga hannu, na kama. Hannun nan mai kaushi, har lokacin da baƙi-baƙi a gindin farce. Maganar ta zo har maƙogwarona, sai ga wasu maƙwabta sun yi sallama, na saki hannun na matsa musu. Ranar Talata ina ofis ina cike takardu waya ta shigo.

Ranar uku da la'asar, bayan an yi addu'a baƙi sun watse, Iya ta kira ni. Idonta ya kumbura, muryarta ta dushe.

"Ke doguwa ce, sauko mini da farantin can daga kan rumfar awaki. Tun kafin ya kwanta ya ɗora, sun wuce kwanakinsu."

Na taka turmi na sauko da shi, farantin da zafi har yana ƙona hannu. Robobin bana ne, wajen ashirin, a jere. Iya ta zauna tana ɗauka tana faɗa, don ta san su kamar 'ya'yanta. Waɗannan manyan huɗu na mai masaukin Maigatari ne. Wannan doguwar ta Hajiyar Sule Tankarkar ce. A can gefe akwai wata 'yar mitsitsiya, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, an fere mata wuya siriri kamar murfin kwalba. Ta fi duk sauran cin aiki. Iya ta ɗauka ta kama hannuna ta sa mini a tafi.

"Wannan ta gidanki ce."

Na ce, "Iya, ai ba ya zuwa gidana zagaye. Ni na sa ya cire tasa."

Ta dube ni. "Je ki tambayi uwarki," ta ce.

Ban iya jira ba. Na nemo adaidaita na ɗauki Inna muka koma gida, rana ba ta faɗi ba. Ko mayafi ban cire ba na wuce banɗakinta na durƙusa. Shekara biyu ina shiga ina fita, ina goge ƙarfen nan daga tsaye da tsumma a ƙafa, ban taɓa sunkuyawa na dubi bakinsa ba. Babu farar hula. A gurbinta baƙar roba ce 'yar ƙarama, an cusa wuyanta cikin bakin ƙarfen, kanta ya ɗan fito ta ɓangaren da ke fuskantar gilashi, inda mai tsaye ba zai gani ba. Ga sawun wuƙa a jikinta.

Inna ta zauna a bakin gado, inda ta zauna ranar walima.

"Ko wata biyu hular taki ba ta yi ba," ta ce. "Na shiga wanka na taka ɓarinta a ƙasa. Na gwada ƙofar a hankali na ji ƙas, na kira Yaya a waya. Sai da ya tambayi ƙarfe nawa kike fita aiki. Nan ya zauna a ƙasa, inda kike ɗin nan, ya fi sa'a guda yana fera, ya gwada ta ƙi shiga, ya sake fera. Na ce Yaya ka mayar da taka ta farko mana ka huta. Ya ce a'a, a bar mata ƙarfenta, tana son sa. Bara ma ya zo ya sauya, kina wurin aiki."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba? Kina ji har gori na yi masa ranar suna!"

"Ranar nan da muka dawo na ce wallahi sai na gaya miki. Shi ya hana. Ya ce, 'Ki rabu da ita, 'yata ce, na san halinta tun tana cilla takalmi a kududdufi. In ta sani, kunya za ta hana ta zuwa gidana. Gara ta riƙa zuwa tana cika mini baki ina ganinta.'"

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Da na samu numfashi na ce, "'Yata ya ce, Inna? Da bakinsa?"

"Bai taɓa kiranki da wani suna a bayan idonki ba."

"To me ya sa a gabana yake ce mini Malama?"

Inna ta share idonta. "Jira yake ki ce, Kawu, me na yi ka sauya mini suna? Daga nan sai magana ta buɗe, ya ce ba komai, ya wuce. Ke kuma ba ki taɓa tambaya ba."

Na daɗe a durƙushe. Sannan na danna tsohuwar robar da farcen babban yatsa yadda na sha ganin yana yi. Ta fara tauri, lokacinta ya yi, ya san da haka tun yana da lafiya. Na samo cokali na ɓamɓaro ta, na cusa sabuwar. Ta shige daram, ko ƙwarzane ba sai an yi mata ba. Na miƙe na ɗauki bokitin Inna da hannu biyu, na tura ƙofar da ƙugu. Ta ce dif, ta tsaya.

Sauran robobin ni da maigidana muka bi gida-gida muka kai, Iya tana faɗa mana ta wane ce wannan. Tsohuwar da na cire tana cikin jakata, a aljihun da nake sa makulli.

Ya Allah, bawanka ya tare wa mutane abin da zai yanke su, har da wadda ta wulaƙanta shi, ka tare masa azabar kabari, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Kawu, ga abin da na kasa faɗa hannunka yana cikin nawa: ka yafe mini. 'Yarka ce.